Kawu, ga amsar tambayarka kan kisan Nottingham

Kawu, barka da war haka. Ka ce ka ji Turawa sun kai mai kisan kai asibiti maimakon gidan yari, kana tambaya ko mu Hausawan da muka zauna Ingila mun yarda da wannan. Bakinmu bai zo ɗaya ba, amma ga inda yawancinmu muka tsaya.

Ranar 13 ga Yuni 2023, a birnin Nottingham na Ingila, wani mai suna Valdo Calocane ya kashe ɗalibai biyu 'yan shekara 19 da wuƙa, ya kashe wani dattijo mai kula da ginin makaranta, ya ɗauki motarsa ya banke mutum uku. Likitoci suka tabbatar yana da sikizofiriniya, ciwon da mai shi ke jin muryoyi a kansa. A Janairun 2024 alƙali ya tura shi Ashworth, ɗaya daga cikin asibitoci uku masu tsaro mafi tsanani a Ingila. Wurin katanga ne da makulli, kuma ba a yanka masa ranar fita ba. Ko ya samu sauƙi, likita shi kaɗai ba ya sallamarsa, sai da yardar ministan shari'a ko wata kotu ta musamman. Mai yiwuwa a can zai ƙare rayuwarsa.

Iyayen mamatan sun ce ba a yi musu adalci ba, kuma wallahi ba na ganin laifinsu. A masallacinmu bayan Juma'a an yi ta musu. Wani direban tasi ya ce mutumin da ya san ya tanadi wuƙaƙe, ya laɓe cikin duhu, ai da sauran hankalinsa. Liman ya tuna mana cewa an ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci har ya warke, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya ba a yi masa ƙisasi, diyya ce ke hawa kan danginsa. Wato jinin bai tafi a banza ba, akwai masu amsa tambaya.

Nan ne zancen ya fi ci mini rai. Sau huɗu aka taɓa kwantar da Calocane a asibitin ƙwaƙwalwa. Ya riƙa ƙin shan magani, bincike ya nuna ba a tilasta masa allura mai daɗewa a jiki ba saboda ba ya son allura, daga baya a 2022 aka sallame shi daga kulawarsu saboda ya daina zuwa. Su wa za su amsa wannan? Ni dai su nake so in ga an titsiye.

Shi ya sa muka canza hali. Da, in yaro ya fara surutu shi kaɗai, ya daina barci, sai a rufe ƙofa a ce iska ce, ko a saya masa tikiti a turo muku gida. Yanzu ana yin ruƙiyya, washegari kuma dattijo ya raka shi wajen likita. Akwai wani uba a cikinmu da ke yawo da katin allurar ɗansa a aljihun gaba, ranar ta zo da kansa yake tuƙa shi. In ya ga alamar tashin ciwo, ya kira 999, lambar neman agajin gaggawa, ko da maƙwabta na leƙe.

Ka gaida Inna da yara.