Tambaya da Amsa: Bayanan kwastomomi a wurin gwajin manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin haɗa manhaja a wani ƙaramin banki. In za mu gwada sabon gyara, mukan kwafo rumbun bayanan kwastomomi, mu goge sunaye mu sa "Kwastoma 1", "Kwastoma 2". Lambobin waya kuwa mukan juya su da SHA-256, lissafin da ke mayar da rubutu wani dogon jerin haruffa da alƙaluma don ɓoye asalinsa. Shin hakan ya wadatar? Mai karatu, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, da sauran aiki, domin ba suna kaɗai ke tona mutum ba. Wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Amurka ana iya gane su da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi da lambar gidan waya ta unguwarsu. A bankinku ma haka ne. Mace ɗaya ce a unguwarta aka haifa a wannan rana, kuma ita ce albashinta ke shiga daga wannan makaranta. Wanda ya san ta zai gane ta ko an kira ta Kwastoma 2.

Maganar lambar waya ta fi damun mu. Lambar Najeriya tana da alƙaluma 11, huɗun farko kuma sanannu ne. Bayan 0803, lambobi miliyan goma ne kawai za su iya biyo baya. Kwamfutar tafi-da-gidanka za ta juya dukansu da SHA-256 cikin ƙanƙanin lokaci, ta gwada da naku, lambobin su fito sarai. Ku koma HMAC, wanda ke haɗa lissafin da mabuɗin sirri, kuma kada mabuɗin ya taɓa zuwa na'urar gwaji. BVN da NIN, su ma masu alƙaluma 11, haka za a yi musu.

Amfanin wannan hanya shi ne lamba ɗaya kullum madadi ɗaya take samu. In kun sauya lambar asusu da ka a teburin kwastomomi, wato jerin bayanansu a rumbun, kuka sa wata daban a teburin rance, bashi zai rasa mai shi, gwajin ya ba ku sakamakon ƙarya. Madadin kuma ya riƙe siffar asali: lambar NUBAN, wato lambar asusun banki, alƙaluma 10 ce, na ƙarshe na tantancewa ne, sai an sake lissafa shi, in ba haka ba manhajarku da kanta za ta ƙi lambar.

"Kwastoma 1" ma ku bar shi. Ku zuba sunayen bogi irin namu, masu ɗ da ƙ da alamar da ke cikin Sa'adatu, don irin waɗannan ne ke karya manhaja ranar da ta fita kasuwa. Ranar haihuwa a matsar da ita da wasu kwanaki, amma a kula da masu shekara 18 cif, kada babba ya koma yaro.

Inda aka fi yin sakaci shi ne gurbin bayanin tura kuɗi, inda mutum ke rubuta "kuɗin maganin Hajiya" har da lambar wayarsa. Shafe shi gaba ɗaya ya fi. Haka hotunan fasfo da na katin shaida.

Duk wannan a yi shi kafin kwafin ya bar rumbun asali, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta ware na'urar gwaji ba. In bayanai suka zube ta nan, kuma zubewar na iya cutar da masu su, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sannan ku cire na'urar gwajin daga hanyar aika saƙon tes, adireshin imel kuma duk a mayar da su example.com, adireshin da aka ware don misali kawai, kada gwajin tsakar dare ya aika wa wani bawan Allah takardar bin bashi.