Ɗana ya karye, an yi ɗori, amma yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro jiya da yamma, ya karye a saman gwiwar hannu. Mai ɗori ya ɗaure masa da karare. Tun dare bai runtsa ba, yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ko taɓa su aka yi sai ihu. Mai ɗorin ya ce kada a kwance sai bayan mako biyu, surukata kuma ta ce in muka je asibiti yanke hannun za a yi. A Kano muke. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ki kwance ɗaurin nan yanzu, kara da tsumma duka. Ki tallafe hannun yadda yake, kada kowa ya ja ko ya miƙar, ku nufi Asibitin Ƙashi na Dala ko sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano. Kada a ba shi abinci, don wataƙila sai an shiga da shi tiyata.

Wurin da ya karye wuri ne mai haɗari. Babbar jijiyar da ke kai jini hannu ta gaban ƙashin nan ta bi, bakin karayar kan danne ta. Ga shi duk karaya sai ta kumbura, an kuma zagaye ta da kara an tamke, kumburin bai da inda zai je sai ciki. Naman da jini ya daina isa gare shi, cikin awa 6 zuwa 8 yake fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Ihun da yake yi in an taɓa yatsunsa ita ce alamar da ta fi tayar mini da hankali.

Maganar surukarki kuwa, kullum sai na ji ta, kuma tana ƙona mini rai. Ba mu yanke hannu mai rai. Abin da ke faruwa shi ne, a riƙe yaro a gida kwana goma, yana kuka ana cewa ƙashi ne ke haɗewa, bororo ya fito a ce zafin magani ne, a ƙara shafa man shanu a sake tamkewa. Sai wari ya cika ɗaki sannan a kawo mana shi. Na sha kwance tsumma da hannuna in tarar yatsu sun yi baƙi ƙirin, sun bushe kamar itace, shatin kowane kara ya nutse cikin nama. A nan zaɓi biyu ya rage, hannun ko ran yaron. Sai a koma unguwa ana cewa asibiti sun yanke, wanda ya ɗaure kuma ko tambayarsa ba a yi, gobe ma layi ne a ƙofar gidansa. Wanda hannunsa ya tsira ma, sau da yawa yatsun sun ƙanƙance ke nan, ko alƙalami ba zai riƙe ba.

Ƙashin yaro ba ya buƙatar matsi kafin ya haɗe. A ɗauki hoto, a daidaita, a sa siminti ko 'yan siraran wayoyi, cikin mako 3 zuwa 4 an cire.

In maigidan yana jin nauyin mahaifiyarsa, ki nuna masa wannan amsa, ku tafi tare da ita ta gani da idonta. Kada ku bari sai gobe. Allah Ya ba shi lafiya.