Karo-karo ta waya zai iya kai ɗan takara?

Tambaya: Malam, abokinmu a Fagge zai nemi kujerar majalisar jiha, ba shi da ubangida. Karo-karo ta WhatsApp zai kai shi?

Amsa: Ɗan'uwa, zai taimaka ƙwarai. A Amurka, Sanata Bernie Sanders ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a 2016 da ƙananan gudunmawa, mafi yawa ta intanet, matsakaicinsu dala 27. Nan gida kuma, in abokinku matashi ne, gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauke shekarun neman majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ku buɗe asusun banki guda, duk Juma'a ku wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni abin da ke damuna, iyayenmu mata na lungu ba sa hawa Facebook. Ku bi su gida-gida, ku tabbatar kowacce ta karɓi katin zaɓenta.