Tambayi Masu Gyara: Doguwar Fitila Tana Ƙifce-ƙifce Kafin Ta Kama

Tambaya: Assalamu alaikum. Doguwar fitilar silin ɗin falonmu, mai ƙafa huɗu, da can ana taɓa makunni take kamawa. Yanzu sai ta yi ta ƙifce-ƙifce, ana jin ƙas-ƙas, wani lokaci har minti guda kafin ta haska, kuma abin ya fi tsanani bayan magariba. Maigida ya ce a sayo sabon ƙwai, maƙwabcinmu ya ce cok ne ya mutu. Wanne za mu saya?
Daga wata uwargida a Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata da sayen ko ɗaya tukuna. Abin da ya fi kawo wannan ciwo shi ne sitata, wato ɗan farin gwangwanin nan mai ƙafa biyu da ke maƙale a jikin gidan fitilar, kuma shi ne mafi araha a cikin kayan duka.

Ga yadda suke aiki. Da an kunna, sitata ce ke haɗa hanya don siraran wayoyin da ke bakin ƙwan, nan da can, su yi zafi. Sai ta saki farat ɗaya, cok kuma, wato ɗan akwatin ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin gidan fitilar, ya harba wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt ta ratsa iskar cikin ƙwan, haske ya tashi. Wannan ƙas-ƙas da kike ji sitatar ce take haɗawa tana saki. Lafiyayyar fitila daƙiƙa biyu zuwa uku sun ishe ta.

Kafin a cire sitatar, a kashe wutar daga babban makunnin gida, kada a dogara da na bango kaɗai, domin a gidajen haya da yawa an juya wayarin, wuta na nan a gidan fitila ko an kashe. A hau kujera mai ƙarfi, hannu a bushe. A murɗa sitatar hagu kaɗan, za ta fito. A tafi da ita shagon kayan wuta a Adum ko Kejetia, a nemi mai lamba S10, wadda aka yi wa ƙwai guda daga wat 4 zuwa 65. Naku mai ƙafa huɗu wat 36 ne ko 40. Kada a karɓi S2, ita ta ƙananan ƙwayaye ce, wat 22 zuwa ƙasa. In aka sa ta a dogon ƙwai ba za ta bar shi ya zauna ba. A sayo biyu, don sabuwa ma takan zo a mace.

Tunda an riga an hau, a dubi bakin ƙwan. In ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, tsawon yatsa biyu ko fiye, to maganar Maigida ta fito: ƙwan ya tsufa, a canza shi tare da sitatar. Tsohuwar sitata kan cinye sabon ƙwai, mataccen ƙwai kuma kan gajiyar da sabuwar sitata. In bakin fari ne tas, a murɗa ƙwan kwata, a sauke shi, a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, a duba ƙafafunsa ko sun yi tsatsa, a mayar har a ji ya zauna daram. Soket mai lako-lako shi kaɗai ya isa ya kawo ƙifce-ƙifce. Idan kuwa an kunna fitilar aka ga bakin biyu suna yin ja kamar garwashi, tsakiya duhu, ba ƙas-ƙas, sitatar ce ta manne. A kashe nan take, domin cok yana ɗaukar zafi a haka.

Maganar magariba kuwa ta ja hankalinmu. Wutar gida a Gana bolt 230 ce, amma a unguwa mai cunkoso, lokacin da kowa ya kunna fanka, talabijin da dutsen guga, takan yi ƙasa. In ta sauka wajen 200 ko ƙasa da haka, fitila mai cok takan sha wuya kafin ta kama. Ki gwada ta da hantsi. In ta kama nan da nan, ki lura da fanka da dare ko gudunta ya ragu, sannan mai gyaran wuta ya auna da mitarsa wajen ƙarfe bakwai. In ƙarancin daga layi ne, kamfanin wuta za a kai wa kuka. In a cikin gida ne, sau da yawa wani haɗi ne ya saki yana zafi, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne, gobara yake kawowa.

Cok shi ne na ƙarshe da za a zarga. Alamarsa gurnani mai ƙarfi, ƙaurin ƙuna, ko fentin jikinsa ya koma ruwan ƙasa. In shi ne, a ganinmu kada ku sake zuba kuɗi a kansa. Ku sa mai gyara ya tsallake shi, ya cire sitata, ya ɗaura dogon ƙwan LED mai wat 18 a gidan nan dai. Haskensa ya kusa na da, cin wutarsa kusan rabi, kuma yana kamawa ko wuta ta yi sanyi.

Tsohon ƙwan kuma, don Allah Hajiya, kada a bar wa yara su fasa shi a tsakar gida. Akwai zaiba a ciki, guba ce. A mayar da shi cikin kwalin sabon, a ɗaure bakin, a ajiye nesa da hannunsu har a kwashe shara.