Sunan umarnin da ya cinye mini aikin kwana huɗu

Ɗana, ka tambaye ni yadda ya kamata manhajar adana tarihin aiki, irin su Git, ta karɓi ƙarin umarnin da mutanen waje suka rubuta. Ba zan ɓata lokaci wajen koya maka rubuta ƙaramin shiri ba, domin duk wanda ya shekara a shagona ya san cewa idan ka sa wa fayil suna git-kaza, ka ajiye shi inda kwamfuta ke neman shirye-shirye, to da ka buga git kaza zai tashi. Da wannan hanyar ƙarin shirye-shiryen Git irin su git-flow da Git LFS suke aiki, kuma ta fi mini hanyar Mercurial, wata manhajar adana tarihin aiki, inda ake cusa ƙarin cikin jikin manhajar da harshen shirye-shirye na Python, sai sabon fitowa ya zo ya karya shi.

Amma akwai rami a hanyar Git, kuma na faɗa cikinsa. Shekaru na yi ina amfani da wani shiri nawa mai suna git-restore, wanda aikinsa kawai ya dawo da bayanan gwaji cikin babban fayil ɗin da na nuna masa. A watan Agusta na 2019 Git 2.23 ya fito da nasa umarnin restore da switch, kuma ƙa'idarsa ita ce nasa na ciki yana gaba da na baƙo. Na sabunta kwamfutata ana saura kwana biyu in miƙa wa wani mai kantin magani manhajar lissafin kayansa. Na buga git restore da ɗigo, wato babban fayil ɗin da nake ciki, kamar yadda hannuna ya saba, sai na Git ya tashi maimakon nawa, allo bai ce uffan ba, na buɗe fayil na tarar gyaran kwana huɗu da ban riga na adana a Git ba ya shafe, an mayar da komai yadda yake a da. Na yi kwana uku ban runtsa ba ina sake rubutawa, duk da haka mutumin ya zaftare rabin kuɗina da sunan na saɓa alkawari, alhali har yau da manhajar yake cin kasuwa. Abin yana ci mini rai har gobe.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wajibi ne irin wannan manhaja ta keɓe wa baƙi wani sashe na sunaye da ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba, kuma idan sunanta ya ci karo da na wani, ta tsaya ta yi gargaɗi kafin ta taɓa fayil ko ɗaya. Haka kuma ta ba su fitarwa mai tsari marar canzawa, kamar yadda umarnin git status --porcelain yake nuna halin fayiloli a tsarin da shirye-shirye za su iya karantawa.

Ku yaran yanzu kuna kwaso shiri daga intanet ku girka ba ku karanta layi ɗaya ba. Gobe da safe ka zo da jerin duk shirye-shiryen da ka rubuta, mu liƙa wa kowanne sunan shagon nan a gaba don kada ya ci karo da na Git.