Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ke son ajiye maganin baifola

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce likita ya tabbatar maigidanki yana da ciwon baifola (lalurar ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum ya tashi sama da zumuɗi, wani lokacin kuma ya faɗi cikin damuwa mai tsanani), ya sha magani wata biyar ya dawo garau, yanzu shi da Hajiyarsa sun dage a ajiye maganin tunda ya warke, wai dama iska ce ta taɓa shi. Kina tambaya ko ciwon na warkewa. Ni ba likita ba ce, amma shekara tara ke nan ina jinyar ƙanina da wannan lalura, kuma abin da ake shirin yi a gidanku mu mun riga mun yi shi, mun ga inda ya kai mu.

Yana da shekara 21 abin ya fara. Yaron da ba ya iya haɗa ido da manya, sai ga shi yana surutu kamar an kunna rediyo, bai gama wannan zancen ba ya faɗa wancan. Ya kwana biyar ido biyu, kuma ko alamar gajiya babu. Ya sayar da babur ɗinsa ya rabar da kuɗin a tasha, yana cewa Allah ya zaɓe shi ya kawar da talauci a unguwa. Muka ce aljanu ne. Muka kai shi wani gidan magani aka ɗaure shi da mari har sati uku, kuma har yau in na ga tabon a ƙafarsa sai zuciyata ta karye.

Da abin ya lafa muka yi sadaka, muka ɗauka an rabu. Ashe ɗaya fuskar ciwon ce ke tafe. Ya shige ɗaki wata uku, ba wanka, ba cin kirki, kamar an zare masa laka. Wani mai kemis ya ba mu maganin damuwa, bai yi sati uku yana sha ba ya sake birkicewa fiye da na farko. Sai da muka je gaban likitan ƙwaƙwalwa muka fahimci dalili: mai baifola in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, babu mai daidaita yanayi a tare, yana iya cilla shi can sama. Tambayar farko da likitan ya yi mana ita ce, ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma bai ji gajiya ba? Ya ce in irin wannan tashin ya kai mako guda, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da mutum, to shi ne babbar shaidar ciwon. Faɗuwar kuma ana lissafa ta daga mako biyu zuwa sama. Tsakanin biyun mutum kan yi watanni, wani ma shekaru, lafiyarsa ƙalau.

Wannan lafiyar ta tsakani ita ce ta yaudare mu, ita ce kuma take yaudarar Hajiya yanzu. Ƙanina ya yi shekara guda a kan magani, ya koma makaranta, sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai dinga haɗiyar ƙwaya kullum. Mu ma muka goya masa baya, don mun gaji da tsegumin dangi. Wata huɗu kacal ciwon ya dawo, ya ci bashin da sai da Baba ya sayar da fili aka biya. Ciwon nan kamar hawan jini yake, ana danne shi ne, ba a tumɓuke shi. Lafiyar da kike gani a jikin maigidanki aikin maganin ne, kuma yanke shi farat ɗaya ya fi komai saurin tayar da ciwon. In ma za a rage, likita ne zai rage a hankali.

Ban ce a bar addu'a ba. Mu har gobe muna yi masa tofi, yana azkar safe da yamma. Amma ku haɗa biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 40 ne ke da wannan ciwon, a ƙasashen Musulmi da waɗanda ba na Musulmi ba, kuma yana bin jini a wasu gidajen. Mu sai daga baya Inna ta tuna wani ƙanen mahaifinta ya yi irinsa.

Ki zauna da maigidanki ki tambaye shi abin da ya tsana game da maganin, don sau da yawa akwai dalili na gaske. Olanzafin ya sa ƙanina ƙiba da yawan barci, shi ya sa ya guje shi. Da muka faɗa wa likita sai ya mayar da shi kan litiyom, tsohon magani da wani likita a Ostireliya ya gano amfaninsa tun 1949. Ya karɓe shi sosai, sai dai yana son kulawa: gwajin jini duk bayan 'yan watanni, a duba yawansa a jiki, a duba ƙoda da maƙoƙo. Ba a haɗa shi da ibufurofen ko diklofenak da muke saya ba lissafi, kuma ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara na iya sa ya taru ya zama guba. Amai, gudawa, tangaɗi da karkarwar hannu mai ƙarfi, asibiti nan take. Azumi ma kafin ya kama muke zuwa a tsara mana lokutan sha, akwai shekarar da likita ya ce ya ajiye azumin, malaminmu ya ce ya rama in ya samu sauƙi. Ga mata masu karantawa kuma: balfurowet, wani maganin baifola, yana illa ga ɗan da ke ciki, duk mai shirin haihuwa ta gaya wa likitanta tun da wuri.

Abin da ya fi taimakona shi ne sa ido a kan barci. In na ga ƙanina ya yi dare biyu yana barcin awa uku ya tashi da ƙarfinsa, ga sabbin dabarun kasuwanci, ba na jiran ranar ganin likita. Mun yi yarjejeniya da shi lokacin da yake cikin natsuwa cewa in aka kai nan, katin bankinsa da makullin mota suna hannun matarsa. Eh, ya yi aure, da 'ya'yansa biyu, yana koyarwa. Wiwi, taramol da kodin kuwa ko kusa.

In kuma maigidanki ya faɗa cikin damuwa mai tsanani har kika ji yana cewa gara ya mutu, kada ki ɗauka magana ce kawai. Ki kwashe magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano.

Batun Hajiya, kada ki ja da ita, surukarki ce kuma tsoro ne ke cin ta. Ki lallaɓa yayansa ko kawunsa da take jin maganarsa, a ɗauke ta a je ganin likita tare, ta yi tambayoyinta da bakinta. Innarmu sai da ta ji da kunnenta ta sauko, yanzu ita ce mai kiran waya bayan isha'i tana tambaya ko ya sha. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya ba ki ladan jinya.