Monita mai kaifin hoto ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Ɗan uwa ka ce kana son monita mai fitar da hoto tangaran amma kuɗin hannunka ba yawa, kuma ka rasa ko 4K za ka ɗauka ko 1440p. Ni dai in ni ne, 1440p mai inci 27 zan saya, wato 2560x1440, don fiksal, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, kusan 109 ne a kowane inci, rubutu na fita fes ba sai ka ƙara girmansa ba. 1080p a inci 27 kam kar ka soma, haruffa sai ka ga kamar sun farfashe, gara ka tsaya a inci 24.

Ita 4K, 3840x2160, tana da kyau ba ƙarya, amma fa duba kwamfutarka tukuna, in mashigar wayar monita da take da ita HDMI 1.4 ce, 30Hz kawai za ta ba ka, wato hoton zai riƙa sabuntawa sau 30 kacal a daƙiƙa, kana jan maus kana ganin yana tsalle-tsalle, abin haushi wallahi, na taɓa faɗawa wannan ramin da tsohuwar laftof ɗina har na zaci monitan ne ya lalace. Sai da HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 za ka samu 60Hz, kuma in gem kake bugawa katin hotonka, wato sashen kwamfutar da ke sarrafa hoto, zai sha wuya sosai.

Allon ya zama nau'in da ake kira IPS, don nau'in TN da ka ɗan karkata kai kala ta canza. Ranar da ka karɓa ka buɗe farin shafi da baƙi ka duba ko akwai mataccen ɗigo, wato fiksal da ba ya aiki, kafin lokacin mayarwa ya wuce.